Yadda zaka gano yadda Kaduna take a ranar da aka haifi babanka

In dai babanka ko mamarka haihuwar shekarun 1950 ne, kuma a Kaduna ko kewayenta aka haife su, to zaka iya zama ka haɗa labarin ranar nan kusan gaba ɗayanta, wace rana ce a sati, ana azumi ko ba a yi, me jarida ta buga, waye gwamna, waye sarki, da wane kuɗi aka sayi ragon suna, me mutane ke saurara da daddare. Ba sai kana digiri a tarihi ba. Kuɗin mota ne da waya mai caji da littafin rubutu da haƙuri, haƙurin ma shi yafi yawa.

Amma ka fara da tsofaffi kafin takarda. Mutane da yawa suna juya abin, su fara da intanet, su je laburare, sai can a ƙarshe su tuna akwai wata gwaggo a Tudun Wada da ta ga komai da idonta. Takarda tana nan a ajiye, ko baɗi ka je zaka same ta. Wanda yake ɗan shekara 10 a 1955 kuwa yanzu ya kai 80, lissafa da kanka. Kuma shi babanka ba zai taimake ka sosai ba dan jariri ne a ranar, wanda kake nema yayarsa ce ko ƙanin kakanka ko wata maƙwabciyar gidan da suka tashi, wanda ya riga yayi wayo lokacin.

Matsala ta farko da zaka ci karo da ita ita ce ranar kanta. Duba takardun babanka, akwai yiwuwar ka ga 1 ga Janairu, ko wata ranar da aka zaɓa kawai lokacin da ya je kotu yin takardar rantsuwar shekaru dan neman aiki ko makaranta. Kar ka yarda da ita kai tsaye. Sunan da ake kiransa a gida yafi wannan takardar gaskiya sau da yawa. In Ɗanladi ne to Lahadi ce, Ɗanjuma Juma'a, Ɗan'asabe Asabar, Balarabe Laraba. Mata ma haka, Ladi, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe. In ana ce wa mamarka Azumi ai an gama maka rabin aiki, Sallau kuma lokacin sallah, Marka tsakiyar damina. Daga nan sai ka tambayi tsohuwar, Inna kafin zuwan Sarauniya ne ko bayan ta zo? Sarki Ja'afaru yana raye? Dan su da manyan abubuwa suke ƙirga shekara ba da kalanda ba. Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna a watan Fabrairun 1956 aka yi mata hawan daba da sarakunan Arewa da dubban dawakai, babu wanda yake garin lokacin da zai manta. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya rasu a 1959 Muhammadu Aminu ya gaje shi. An yi ƙidayar jama'a a Arewa a 1952. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957. Waɗannan su ne turakun da zaka ɗaura lissafinka a kai.

In ka samu shekara da wata da ranar sati, sai ka buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan masu juya kalandar Miladiyya zuwa Hijiriyya. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato, saboda azumi yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara. A 1950 tsakiyar watan Yuni aka fara azumi, ruwa ya riga ya sauka. A 1956 cikin Afrilu ne, tsakiyar zafin bazara. A 1959 kuma cikin Maris. Dan haka in tsohuwa tace maka an haife shi da azumi ana tsananin zafi ba a fara shuka ba, to ka san wajen ƙarshen shekarun 50 kake ba farkonsu ba. Ka bar ratar kwana ɗaya ko biyu dai, dan ganin wata ake bi ba lissafin kwamfuta ba. Misali mai kyau shi ne ranar da Arewa ta samu mulkin kanta, 15 ga Maris 1959, Lahadi ce kuma ta faɗo cikin azumi, babban bikin sai a watan Mayu aka yi shi. Kaga in wani dattijo yace maka ya ga hawan bikin mulkin kai satin da aka haifi babanka, Mayu yake nufi ba Maris ba.

Zaman da tsofaffi

Kar ka je da takardar tambayoyi kamar ɗan jarida, kuma kar ka je hannu rabbana. Goro, ko turare, ko ɗan abin shayi. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka zauna ƙasa, ka bari a gama tambayar mutanen gida, sannan ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, wasu basa so kuma haƙƙinsu ne. Bayan la'asar yafi, da safe suna da hidimarsu, da daddare kuma sun gaji.

Tambayar da bata aiki ita ce "Baba ya rayuwa take a da?" Amsar da zaka samu guda ɗaya ce, da akwai albarka, yanzu duniya ta lalace, shikenan an rufe. Ka tambayi ƙananan abubuwa. Baba a ina kuke ɗebo ruwa, famfo ne ko rijiya ko rafi, waye ke zuwa ɗebowa? Hajiya da wace fitila kuke kwana, a-ci-bal-bal ce ko ta ƙwai, a gidan wa kuka fara ganin lantarki? Me ake karyawa da shi, koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo? Wa ya karɓi haihuwar, ungozoma a gida ko an je asibiti? Wane wanzami yayi askin suna? Duba-gari yana shigowa gidanku ya leƙa randa? Wannan ta ƙarshen wallahi tana buɗe bakin tsofaffi mata sosai, dan kusan kowace tana da labarin yadda ake rige-rigen zubar da ruwan randa da share tsakar gida in an ji ya shigo layi. Daga nan labari zai ja labari, kai dai kayi shiru. In ta kauce ta shiga zancen kishiyar uwarta kar ka katse ta, a irin nan ne zaka ji wa ke da keken ɗinki a unguwar, wa ya tafi Makka ta ƙasa ta Sudan ya shekara da shekaru bai dawo ba, wa ya tafi a jirgin sama daga Kano ya dawo cikin 'yan makonni ana ta mamaki.

Ka raba zaman maza da na mata, domin ba rana ɗaya suka gani ba ko da gida ɗaya suke. Namiji zai baka labarin tashar jirgin ƙasa da bariki da siyasa da ɗan doka. Mace zata baka farashin atamfa da gishiri da abin da aka dafa da waƙar da 'yan mata ke yi a dandali. Jarida bata rubuta na biyun ba, shi yasa nake cewa in lokacinka kaɗan ne ka ba mata kaso mafi yawa.

Ka kuma tambayi daga ina kakanka ya zo, dan Kaduna ba tsohon birni bane irin Zariya ko Kano, Turawa ne suka maido hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, aka yi ta zuwa aikin reluwe da soja da ofis da leburanci. Ranar ma'aikacin reluwe Ibo ko Bayarabe a Sabon Gari daban, ta malamin ofis da ya fito Kwalejin Katsina daban, ta Bagwarin da yake noma a gefen gari tun kafin a zo daban, ta mahauci a Tudun Wada daban. In baka san wanne ne naka ba zaka haɗa ranar wani ka liƙa wa kakanka.

Sai takardu

Wuri biyu ne a cikin gari. Akwai Arewa House a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi ƙarƙashin ABU tun 1970, suna da laburare da tsofaffin takardu da hotuna. Akwai kuma gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, National Archives, a kan titin Yakubu Gowon. In zaka iya shiga mota zuwa Zariya to laburaren Kashim Ibrahim na ABU ma yana da tsofaffin jaridu. Ka tafi da katin shaida, ka je ranar aiki da safe, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da waya kafin ka ɗaga ta, kuma ka riƙe takardun nan da hankali dan wasu da ka lanƙwasa sun karye.

Abin da zaka fara nema Gaskiya Ta Fi Kwabo ce. A Zariya aka fara buga wannan jarida a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta Bahaushe na farko. Ba kullum take fitowa ba, saboda haka kar ka tsaya neman fitowar ranar daidai, ka ɗauki wadda ta fito kafin ranar da wadda ta biyo baya, har ma ta bayan wannan, dan labari yana daɗewa a hanya kafin ya iso. Ta Turanci kuma Nigerian Citizen ce, wadda kamfanin Gaskiya ya fara a 1948. Kar ka ɓata lokaci kana neman New Nigerian, sai 1 ga Janairun 1966 ta fara fitowa. Akwai kuma ƙananan jaridun larduna na zamanin Yaƙi da Jahilci da NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Arewa, ke bugawa, Bazazzaga ta lardin Zazzau, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Sodangi ta Kano, in ka dace da su Hausarsu mai sauƙi ce kuma sun fi kusa da talaka.

Yadda ake karanta tsohuwar jarida shi ne daga baya zuwa gaba. Shafin farko na manya ne, Gwamna ya tafi rangadi, majalisa ta zauna a Lugard Hall, an naɗa wane. Kayi hotonsa ka wuce. Inda rayuwa take shi ne wasiƙun masu karatu da tallace-tallace da sanarwar neman ma'aikata da labaran kotu. Tallan keke, tallan sabulu, maganin ciwon kai, fitila, kantunan UAC da John Holt, nan zaka ga abin da mutum ke mafarkin saya da kuma kuɗinsa. Wasiƙu kuma nan ne mutum daga wani ƙauye zai rubuto yana kukan hanya ko tsadar aure ko halin wani ma'aikaci, kana karantawa kaji kamar jiya aka rubuta. Sai dai ka riƙe a ranka jaridar gwamnati ce. In kana son jin yadda 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ke ganin ranar ba a nan zaka samu cikakke ba, wannan sai bakin dattawan da suka sha ɗauri a kai.

A gidan Archives kuma fayil ake nema ba jarida kawai ba. Kaduna tana ƙarƙashin lardin Zazzau har zuwa 1956 da aka ware ta a matsayin yankin babban birni, dan haka ka duba jerin fayilolin da ake kira ZARPROF, da na SNP wato ofishin sakataren lardunan Arewa. Rahoton shekara-shekara na lardi shi ne zinariya, a ciki Razdan ko Di'o zai rubuta yadda damina ta kasance, ko an yi annobar sanƙarau ko agana, farashin hatsi, kuɗin haraji da jangali, ladan lebura a rana. Da Turanci suke kuma da idon Bature aka rubuta su, wani wurin ma zai ɓata maka rai, amma lambobin suna da amfani.

Zancen kuɗi, a nan mutane suka fi kwafsawa

Babu naira a ranar nan, sai 1 ga Janairun 1973 ta zo. Fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3, ɗari rabin kwabo, anini kuma kashi ɗaya cikin goma na kwabo, ga huda a tsakiyar kwabon da aninin har ana zura su a zare. Kafin Yulin 1959 ma kuɗin ba na Najeriya kaɗai bane, na hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ne da muke tarayya da su Gana da Saliyo da Gambiya, sai a lokacin Babban Bankin Najeriya ya fito da nasa. To in tsoho yace maka ya sayi abu sule biyu kar ka ɗauko kalkuleta kace ai kobo 20 kenan, kai arha! Wannan lissafin banza ne. Ka nemo nawa lebura ke samu a wuni a waccan shekarar daga fayil ɗin da na faɗa, sai ka ga kwana nawa zai yi yana aiki kafin ya sayi abin. A nan zaka gane dalilin da mai keken Raleigh yake abin kallo a unguwa, da dalilin da mutum ke gudun ranar karɓar haraji.

Ka kiyaye wasu kurakuran irin wannan. Motoci hannun hagu suke bi har Afrilun 1972. Babu Rediyon Kaduna da muka sani, ita da talabijin ɗinta sai 1962. Abin da ke akwai shi ne akwatin nan mai waya da ake jawowa gida ko a kafa a bainar jama'a ana biyan kuɗin haya, tasha ɗaya ce ba a murɗawa, sai kuma tashar gwamnati ta NBS da aka kafa a 1951 ta koma NBC a 1957. Sashen Hausa na BBC a watan Maris 1957 ya fara, da shirin minti 15 kacal. Dan haka in ranarka 1954 ce kar ka rubuta kakanka na zaune yana jin labarai daga Landan da Hausa. Kuma Sardauna bai zama Firimiya ba sai 1954, Tafawa Ɓalewa Firayim Minista 1957. Gwamna daga 1952 zuwa 1957 Sharwood-Smith ne wanda ake kira Mai Wandon Ƙarfe, bayansa Gawain Bell har 1962 da Kashim Ibrahim ya karɓa. In ranarka ta faɗo kusa da zaɓen Disambar 1959 ka tuna matan Arewa basu jefa ƙuri'a ba, sai a shekarun 1970 aka basu dama, kar ka sa kakarka a layi.

Nishaɗi fa? Ka tambayi majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa fili da daddare a kafa farin ƙyalle a nuna fim ɗin noman auduga ko tsabta ko rangadin manya, wani na fassarawa da lasifika, kyauta, yara har da manya kowa ya fito. Silima ta kuɗi kuma daban, ana nuna na kaboyi da na Indiya, kuma yaron kirki baya so a ganshi a ƙofarta, ka lura da yadda dattijo zai yi murmushi kafin ya amsa maka ko ya taɓa shiga. Ka tambayi gidan wa ke da garmaho da faifai, wane makaɗi ake kira in ana biki, Shata yana tashe lokacin, Narambaɗa da Sarkin Taushin Katsina kuma na fada ne. Ka tambayi dambe da kokawa bayan kaka, da kalankuwa, da tashe in azumi ne, da ƙwallo, da sukuwar dawaki a filin da yanzu ake ce wa Murtala Square. Waƙoƙin siyasa ma suna cikin nishaɗin, NPC da NEPU kowa da mawaƙansa, kuma akwai tsofaffin da har yau zasu rera maka baiti biyu uku in sun saki jiki, ka tabbata rikoda na kunne.

Labaran duniya sune mafi sauƙi, minti goma a intanet ya isa. Yaƙin Koriya 1950 zuwa 1953, rasuwar Sarki George a Fabrairun 1952, naɗin Sarauniya a Yunin 1953, rikicin Suez 1956, 'yancin Gana a Maris 1957. Ka ɗauki ɗaya ko biyu kawai wanda ka ga jaridar nan gida ta ambata. A YouTube kuma ka nemi tsofaffin hotunan British Pathé na zuwan Sarauniya, zaka ga dawakai da rawuna da 'yan kallo, ka dinga tsayar da bidiyon kana kallon mutanen gefe, kayan jikinsu da ƙafafunsu, nawa ne ke da takalmi.

In ka tara duk wannan sai ka ɗauki wata Asabar ka taka da ƙafarka. Ka fara daga tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da na Fatakwal da ya biyo ta Kafanchan, ka tsallako gada, ka bi ta unguwar da aka haife shi, ka ƙare a Lugard Hall. In tsohon yana da ƙarfi ka ɗauke shi a mota ya nuna maka, nan daji ne, nan gonar wane ce, nan muke kamun kifi, ka rubuta sunayen da yake kiran wuraren da su ko da yanzu ba haka ake kiransu ba.

Wajen rubutawa ka bi ranar daga asuba zuwa dare, shafi biyu ko uku ya isa, kuma kowane abu ka sa masa daga ina ka samo shi, wannan daga Gaskiya ta kaza ga wata, wannan daga bakin Gwaggo, wannan hasashena ne. In takarda da tsohuwa suka saɓa kar ka goge ɗaya, ka rubuta duka biyun. Sannan ka koma ka karanta musu da Hausa a gaban juna in zai yiwu, dan nan take wani zai ce a'a ba haka aka yi ba, ɗayan ya taso masa, gardamar nan kuma ita ke fito da sunaye da wuraren da basu tuna ba a zaman farko. Muryoyin da ka ɗauka kar ka barsu a waya ɗaya, ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku a WhatsApp, ka sa a Google Drive, kowane fayil da sunan mai magana da ranar da aka ɗauka.